Rairayi a Goshin Hajara

Da sunan Allah, wanda cuta ke sauka da izininsa, magani ma ba ya aiki sai da izininsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Na ɗauki alƙalami ne saboda masu jinya, musamman waɗanda Allah Ya haɗa da majinyaci mai haƙuri. Mai raki ba shi da wuyar jinya, don tun kafin ka tambaya ya nuna maka inda ke masa ciwo. Mai haƙuri shi ne abin tsoro. Matata Hajara tana cikin irin waɗannan, kuma haƙurinta ya kusa raba ta da abin da ta fi so a duniya, wato ta ɗora goshinta a ƙasa gaban Ubangijinta.

Muna zaune ne a wani ƙauye cikin kwarin Tarka, ba nisa da Belbeji. Ni ina karantarwa, ina ɗan noma. Ita kuwa tun tana budurwa kanta bai rabu da gammo ba, yau tulu, gobe itace, jibi damin gero. A kusurwar gidanmu ta gabas tana da wurin salla da ta kewaye da duwatsu. Da hannunta take ɗebo rairayi daga ƙorama ta tankaɗe shi ta shimfiɗa, ba ta son tabarma. Duk lokacin da ta idar, sai ka ga rairayi ya manne mata a goshi da karan hanci. Nakan ce mata, "Hajo, share goshinki, ai mala'iku sun riga sun rubuta." Ita kuma ta ce, "Bar shi, Malam, ba abin da ya tsare maka."

Ciwon ya samo asali ne daga faɗuwa. Wata ranar kasuwar Belbeji, a hanyar dawowa, jakin amalanke ya zabura, ta faɗo ta baya, ƙeyarta ta bugi ƙasa. Ta tashi ta karkaɗe zanenta ta koma ta hau. Ban ma ji labarin daga bakinta ba, mai amalanken ne ya zo yi mini jaje.

Makonnin farko ba mu ga wani abu ba, sai dai ta daina waiwaye. In ka kira ta daga baya, da dukan jikinta take juyowa. Daga nan ciwon ya gangaro daga ƙeya ya zauna tsakanin allunan kafaɗa, wani lokaci ya hau kai har bayan ido. Ta bar daka, ta ce hannunta ne ya gaji. Kullum da safe in na ce, "Ya jiki?" amsa ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Haka muka tashi muka tarar ana yi. A wajenmu ko mutum yana gargarar mutuwa, in aka gaishe shi da jiki, da sauƙi zai ce. Mahaifiyarta kuma ƴar makiyayan Tenhiya ce, mutanen da mace ke haihuwa a cikin runji, wato zangon makiyaya, ba a ji ko nishinta ba.

Abin da ya tona asirin ciwon shi ne rairayin nan. Wata rana bayan la'asar na dube ta, na ga goshinta fes. Washegari ma haka. Sai na tsaya daga bakin zaure na leƙa. Tana ruku'u da ƙyar, in ta zo sujada sai ta dafa ƙasa, ta sunkuya kaɗan, ta tsaya a nan wuyanta a sandare, goshin bai kai ba. Da ta sallame na ga tana share ido da gefen mayafi.

Na ce mata addini ya yi sauƙi, mara lafiya yana iya salla a zaune, ya yi nuni da kai, ladansa cikakke. Ta ce ta sani. Ta ce, "Amma ni in ban ji sanyin ƙasa a goshina ba, sai in ji kamar sallama na yi daga waje ban shiga gidan ba."

Daga nan muka shiga neman magani. Na yi mata rubutu ta sha. Wanzami ya zo ya kafa mata ƙaho a ƙeya da kafaɗu, ya ce mataccen jini ne. Wata maƙwabciya ta kawo ƙwayoyin da ake sayarwa a faranti a kasuwa, masu sa mutum ya manta da ciwo. Ta sha na ɗan lokaci, suka hana ta cin abinci, ta riƙa magana kamar mai barci, na kwashe su na zuba a masai. Ina roƙon mai karatu ya nisanci waɗannan.

Sai ƙanenta Iliyasu ya iso daga Tenhiya. Makiyayi ne, mai raƙuma kaɗan da awaki, kuma tun ranar da na auri yayarsa bai daina tsokanata ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Malam, tawadarka ta tsufa. Ku bar ni in kira mai lalas. Raƙumi in wuyansa ya sandare, ƙarfe ake sawa a wuta a ɗora masa, kwana kaɗan ya miƙe."

Na ce, "Iliyasu, yayarka ba raƙuma ba ce."

Ya ce, "Ai ta fi raƙuma haƙuri. Raƙuma tana kuka in an ɗora mata kaya."

Ban yarda ba, amma ita ta yarda, don kada ƙanenta ya yi tafiyar banza. Aka ɗora mata jan ƙarfe wuri biyu a ƙeya. Ba ta ce uffan ba. Ƙunar ta yi ruwa, muka koma jinyar gyambo a kan jinyar wuya. Tabon yana nan har yau.

Da gyambon ya warke muka tafi likitar Tanut, wato ƙaramin asibitin garin. Mun yi layi daga hantsi har azahar. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya yi mana faɗa a kan lalas, kuma gaskiyarsa ce. Ya ba da ƙwayoyi da allura, ya ce in ba canji mu wuce Damagaram. A Damagaram muka sauka wajen ƴarmu da ke aure a can. Babban asibiti kuwa sai wanda ya je. Ka yi layin kati, ka yi layin ganin likita, ka yi layin hoton ƙashi, in ka kai gaba a ce na'ura ta tsaya, a dawo jibi. Akwai waɗanda suka daka mana tsawa kamar mun zo roƙo. Akwai kuma wata mai shara da ta ga Hajara tsaye tana dafa bango, ta ɗauko mata kujera daga wani ofis ba tare da an roƙe ta ba. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

An ɗaura mata wani abin wuya mai tauri, an yi mata gashi da tausa na makonni. Geron da muka tanada don bazara ya tafi a nan. Daga ƙarshe likitan ƙashi ya ce mana ba karaya, ƙananan gaɓoɓin wuya ne suka goge, suna damun jijiyoyin da ke kusa da su. Ya ce akwai wani likita a Yamai da ke kashe irin wannan jijiya da allura mai zafi, amma aikin yana da tsada.

Ni dai na san abin da ya rage a rumbuna ba zai kai ba. Iliyasu da ya ji, bai yi shawara da kowa ba. Yana da wani amale da ke ja masa guga a rijiya. Wanda ya san rijiyoyin arewa ya san zurfinsu, ba a jan wasaki da hannu, sai dabba ta ja igiya ta yi nisa kafin ruwa ya fito. Wannan raƙumin shi ke shayar da dukan dabbobinsa. Ya kai shi kasuwar Tanut ya sayar, ya zo ya ajiye mini kuɗin a kan buzu. Ya ce, "Tunda wuta ce dai za a sa mata, gara ta masu farar riga. Tawa ta ba ni kunya."

Mu uku muka tafi Yamai. Doguwar tafiya ce, kowane rami motar ta faɗa sai na ga Hajara ta runtse ido.

Likitan yaro ne a kanmu, mai natsuwa, Hausarsa irin ta mutanen yamma. Ya zaunar da mu ya yi bayani da zane a takarda. Ya ce jijiyar nan ƴar aike ce kawai, ita ke kai wa kai labarin ciwo. Ba zai iya sabunta gaɓar da ta goge ba, amma zai iya tsayar da ƴar aiken. Sai dai gaɓoɓin wuya suna da yawa, jere suke kamar ƴaƴan carbi, kuma hoto ba ya nuna wadda ke kawo ciwon. Don haka sai an yi gwaji tukuna, wanda ya kira bulok. Zai sa allurar kashe zafi a wurin da yake zato. In ciwon ya ɗauke na ɗan lokaci, to nan ne, sai a dawo a ƙona. In bai ɗauke ba, sai a gwada wani wuri.

Ya dubi Hajara ya ce, "Inna, a wannan aikin bakinki ne idona. Abin da kika gaya mini shi zan bi."

Aka yi gwajin a sama, kusa da ƙeya, inda tabon lalas yake. Bayan ɗan lokaci ya fito da ita, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, in da ciwon nan ƙwarya ce cike da gero lokacin da kika shigo, yanzu saura yaya?"

Iliyasu yana tsaye a bakin ƙofa, ya zura mata ido. Ta dube shi, ta dubi likita, ta ce, "Saura ɗan kaɗan a gindi. Allah Ya yi maka albarka."

Ya sake tambaya, ta sake faɗa. Iliyasu ya ɗaga hannu sama yana godiya. Ni ma na gode wa Allah.

Bayan ƴan kwanaki aka yi ƙunar. Ba a sa ta barci ba, tana kwance rubda ciki, ana kallon allurar a wani allo. Ta ce abin da ta ji kamar an danna mata babban yatsa mai ɗumi ne a ƙeya. Likita ya ce wurin zai yi tsami na makonni, kada mu tsorata, daga baya sauƙi zai bayyana. Muka dawo gida.

Mako ya wuce, wani ya bi shi. Mata suna shigowa dubiya, tana ce musu da sauƙi. Iliyasu ya koma Tenhiya yana aron raƙumin maƙwabci, sai kowa ya gama shayarwa sannan a ba shi, wani lokaci awakinsa su yini a bakin rijiya. Duk da haka duk wanda ya gamu da shi sai ya ba shi labarin allurar Yamai. Ni kuwa goshinta nake duba. Tsamin ƙunar ya wuce, wata ya cika, wani ya kama, rairayi bai dawo ba.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar na shiga na zauna a gefen duwatsun nan nata. Na ce, "Hajo, zan tambaye ki, kuma ba gaisuwa nake yi ba. Ranar da aka yi miki allurar gwaji, ciwon ya ɗauke?"

Ta daɗe tana wasa da rairayi da yatsa. Sannan ta ce, "Ko ƙwayar gero ɗaya ba ta ragu ba, Malam."

Na ce, "To me ya sa?"

Ta ce, "Yaron nan ya wanke hannu, ya yi ta fama da ni, ya durƙusa yana ce mini Inna. Ga Iliyasu a bakin ƙofa, raƙuminsa ya tafi. In buɗe baki in ce duk wahalarku ta tashi a banza? Kuma na ji tsoro kada ya zama ina kai ƙarar Ubangijina wajen bawansa. Na ce a raina, wataƙila in an ƙona zai yi."

Ban yi mata faɗa ba, ban ma iya ba. Na ce mata kai ƙara daban, ba da shaida daban. Wanda ya ce don me Allah Ya yi mini haka, shi ne ya yi kuka da hukunci. Amma wanda likita ya tambaya ya faɗi abin da ke jikinsa, shaida ya bayar, kuma shaida amana ce. Ta ce ba ta taɓa ɗaukarsa haka ba. Sai ta ce, "To wa zai gaya wa Iliyasu?"

Ita ta gaya masa da bakinta, ranar da ya zo kasuwa ya biyo ta gidan. Ina zaune. Ya saurara har ta gama, ya sunkuyar da kai, ya ja rawaninsa ya rufe baki. 

Can ya ce, "Yaya, da kin ce bai yi ba, da me zai faru?"

Ta ce, "Da ya gwada wani wurin."

"Da kuɗin raƙumin nan dai?"

"Da su."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Kunyata kika ji, kika bar ni ina yawo ina yi wa allura kirari." Ya tashi ya fita zaure. Na bi shi, na tarar yana kuka ba sauti. Da ya share fuska ya ce, "Malam, kai da ke kwana gida ɗaya da ita, sai yanzu ka gane? Wallahi karatunka na allo ne kawai." Da na ji tsokana ta dawo, na san zumunci bai karye ba.

Saura abu ɗaya a hannunmu, wata karsana da Hajara ta gada daga mahaifiyarta, tana cikin garken dangi. Ta ce a sayar. Mun san cewa in wannan ta tafi ba a dace ba, babu wata tafiya Yamai kuma.

Na kira likitan a waya na gaya masa komai. Ya ce mu zo. Da muka shiga ya ce, "Inna, kin sa na ƙona jijiyar da ba ta yi laifin komai ba, mai laifin tana nan tana aikinta." Ta ce ya yafe mata. Ya ce shi ma ya koyi wani abu. Ya yafe ladan hannunsa, amma allura da ɗakin aiki ba nasa ba ne, sai da muka biya.

Wannan karon bai kawo zancen ƙwarya ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Baba Malam, wane abu ne take yi da, wanda ciwon ya hana ta yanzu? Abin da ido zai gani nake so." Na ce sujada. Ya ce to shi ke nan.

Ya yi gwajin a ƙasa da wurin farko, wajen da wuya ke haɗuwa da kafaɗa. Lokacin azahar ya shiga. Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo ruwa a buta, ta shimfiɗa tata sallayar a kusurwar ɗakin. Likita ya ce, "Inna, yi sallarki yadda jikinki ya yarda. Kada ki tilasta, kada kuma ki ji kunyar kowa." Ya ja baya ya tsaya a gefena.

Ta kabbara. Ta yi ruku'u, bayanta ya miƙe. Ta ɗago, ta tafi ƙasa, ta dafa. Na ga ta tsaya a daidai inda ta saba tsayawa, kamar mai jiran a buge ta. Sai wuyan ya saki, goshin ya sauka.

Ta daɗe a wannan sujadar. Kafaɗunta suna rawa.  Da ta sallame likita bai tambaye ta komai ba, ya dai ce wa ma'aikaciyar ta rubuta mana ranar dawowa.

Da yamma maganin gwajin ya sake ta, ciwon ya dawo kamar yadda aka ce zai dawo, kuma da likita ya tambaya ta faɗa da bakinta. Aka yi ƙuna ta biyu a wurin da ya dace. Makonnin farko a gida sun yi mata wuya, wurin ya yi tsami, fatar kafaɗarta tana zafi ko mayafi ya taɓa. Ni ke ɗora mata tsumma mai sanyi, ni ke ɗebo ruwa. Mazan ƙauye sun yi ta magana a kan malamin da ke ɗaukar bido, wato jarkar ruwa, ban kula ba. Sannu a hankali tsamin ya janye. Wata safiya ta kawo mini kunu a zaure, na ɗaga kai, sai ga rairayi a goshinta da karan hancinta. Ban ce ta share ba.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Wannan aiki ba ya mayar da wuya sabo. Likita ya gaya mana jijiyar tana sake tohowa, wani bayan watanni, wani ya fi shekara, kuma in ta toho ciwon yana iya dawowa. Ya hana ta ɗaukar kaya a ka har abada, don rashin jin ciwo ba ya nufin gaɓar ta warke. Gammonta yana rataye a bango. Ba kowane ciwon wuya ne kuma ake yi wa wannan ba, likita ne ke tantancewa. Sannan in za ku kai mai haƙuri asibiti, ku zauna da shi tun a gida, ku gaya masa gaisuwa tana da wurinta, tambayar likita tana da nata. Wanda ya sayar da dabbarsa don jinyar kuma, ya jira a waje lokacin da ake tambaya.

Iliyasu har yanzu bai mayar da raƙuminsa ba. Da kakar bana na aika masa da rabin abin da gonata ta bayar, ya dawo da shi, ya ce in ajiye wa yayarsa, tafiya Yamai ba ta ƙare ba.

Kuma da alama gaskiyarsa ce. Shekaranjiya da safe na same ta zaune a gefen duwatsunta, ta idar da salla, rairayi a goshi, amma hannunta ɗaya yana kan ƙeya. Na ce, "Hajo, ya jiki?"

Ta buɗe baki, na ga tsohuwar amsar ta zo mata har leɓe. Sai ta haɗiye ta.

Ta ce, "Yau yana ciwo, Malam. Daga nan zuwa nan." Ta nuna da yatsa.

Na ce alhamdu lillahi. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin ta ce wani abu yana mata ciwo ba tare da an matsa mata ba. Na shiga ɗaki na ɗauko waya don in kira likitan Yamai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya idon gani, Ya saka wa duk wanda ya miƙa mana kujera ko ruwa. Ya sa kuma ƙarshen aikinmu a duniya ya zama goshi a ƙasa. Amin.